Fim ɗin soyayyar maza biyu a wayar yarinya: amsa ga wata uwa a Yamai

Wata Hajiya daga unguwar Bukoki a nan Yamai ta aiko da tambaya. Ƴar ƙaninta da take riƙo, mai shekara 17, tana lise, ta same ta da dare tana kallon wani fim mai dogon zango na ƙasar Tailan. Da ta karɓi wayar ta duba, sai ta ga labarin soyayya ne tsakanin samari biyu. Yarinyar ta ce mata, "Gwaggo, ai duk ƴan ajinmu suna kallo." Hajiya ta kai maganar wurin ƙawayenta, suka rabu biyu: wasu suka ce a fasa wayar a kai yarinya wurin malam, wasu suka ce fim ne kawai, a ƙyale ta. Abin da take son sani shi ne: waɗanne irin finafinai ne waɗannan, su wa ke kallonsu, me masu kallon ke cewa a kansu, kuma shin za su lalata mata yarinya?

Hajiya, Allah ya saka da alheri da kika tsaya kika tambaya kafin ki ɗaga hannu. Na daɗe ina aikin tsara shirye-shiryen talabijin, ina kuma koyar da matasa masu son shiga sana'ar. Rabin aikinmu shi ne rarrabe abin da mai kallo yake kallo da abin da yake cewa yana kallo, domin sau da yawa ba ɗaya ba ne. Zan fara da abin da ya fi ci miki rai. Kallon da ta yi ba shaida ba ne a kan halinta. Mafi yawan masu kallon irin wannan fim a duniya mata ne, da yawansu masu son maza, kuma don mata aka ƙirƙire shi tun farko. Amma ƙawayenki da suka ce fim ne kawai, su ma sun yi wa maganar sauƙin da ba ta da shi.

Asalin abin daga Japan ne. A shekarun 1970 wasu mata masu zana littattafan labari na hoto, waɗanda ake bugawa don ƴan mata, suka fara rubuta labaran ƙauna tsakanin samari biyu. Mata suka rubuta, mata suka saya, kuma har gobe haka kasuwar take. Daga takarda ya koma fim, Tailan kuma ta mayar da shi sana'a. A 2014 wata tashar ƙasar ta nuna Love Sick, a 2016 kamfanin GMMTV ya fito da SOTUS, sai a 2020, lokacin da korona ta kulle mutane a gida, 2gether ya bazu a duniya saboda kamfanin ya ɗora shi kyauta a YouTube da fassara a ƙasan hoto. Masu kallo suna kiransu BL, wato Boys' Love, soyayyar samari a Turance. In kika ga haruffan nan biyu a wayar yarinya, to su ne.

Kuɗin ba daga fim ɗin kaɗai yake fitowa ba. Kamfani zai haɗa ƴan wasa biyu ya riƙa fito da su tare, yau a fim, gobe a talla, jibi a taron masoya inda ake sayen tikitin shiga. Cikin labarin za ki ga ana shan wani lemo ko ana shafa wani mai, kyamara ta tsaya a kan kwalbar har ki karanta sunan. Talla ce aka biya. A 2021 ma'aikatar kasuwancin Tailan da kanta ta shiga tallata waɗannan finafinai ga masu saye daga ƙasashen waje. Na kawo wannan ne saboda maganar da ake yawan yi a fada, cewa Turawa ne suka zauna suka shirya su don ɓata ƴaƴan Musulmi. Gaskiya ne akwai kamfanonin Amurka da Turai da ke sa irin wannan labari a shirye-shiryensu da gangan, kuma ba sa ɓoyewa. Sai dai wanda ya shirya abin da ƴarki ta kalla ba Bature ba ne, bai ma san akwai Bukoki ba. Aljihun ƴan matan Bangkok da Manila da Jakarta yake hari. Mu ya iso mana ta hanyar da komai ke isowa yanzu. Yarinya tana TikTok, sai ga gutsuren bidiyo na rabin minti, samari biyu kyawawa, waƙa mai daɗi a ƙasa. Ta maimaita shi sau biyu, manhajar ta lura, gobe ta kawo mata goma. Daga nan sai ƙawa ta tura mata sunan fim ɗin, ko ta kai memori wurin masu tura fim a cika mata.

Me take gani a ciki? Nan ne nake son ki ba ni hankalinki, domin in ba ki gane wannan ba, duk maganar da za ki yi mata ba za ta shiga ba.

Mu mutane ne da muka taso da finafinan Indiya da na Hausa, inda soyayya ke tafiya da kallon ido, da kunya, da waƙa, da jira. A finafinan Kano namiji da mace ba sa ko taɓa juna, amma kowa ya san wa ke son wa. Idonmu ya saba da wannan salon. Finafinan Asiya da yawa, na Koriya da na Sin da na Tailan, da irin wannan yaren suke magana. Za a yi kashi biyar ko shida ba abin da ya faru sai wani ya ajiye wa wani abinci a kan tebur, ko ya tsaya da lema cikin ruwa yana jira. Yarinyar da finafinan Amurka ke ba ta kunya tun minti na goma, wannan ba ya ba ta kunya sai ta riga ta yi nisa, ta san sunan kowa, ta damu da abin da zai same su.

Akwai abu na biyu da ɗalibaina mata ke faɗi, wanda masu binciken da suka zauna da masoyan waɗannan labarai a ƙasashe daban-daban su ma suka ji. Wata ta ce mini, "Malama, a finafinanmu mace kullum kuka take, ko kishiya, ko uwar miji, ko a sake ta. A nan ba wanda ake cewa ya yi haƙuri don shi mace ce." Ki duba maganar nan da kyau. Ba cewa ta yi tana sha'awar abin da suke yi ba. Cewa ta yi ta gaji da ganin soyayya inda ɗaya ke sama ɗaya ke ƙasa. Tunda babu mace a tsakiyar labarin, ba ta auna kanta da kowa, ba ta jin wata ta fi ta fari ko ta fi ta gashi, ba ta tuna abin da ke jiranta. Tana zaune a gefe tana kallon samari biyu masu ladabi suna lallashin juna. Wannan magana ta fi fim ɗin damuna, don tana nuna mini abin da ƴan matanmu ke hangowa a aure tun kafin su shiga.

Yanzu ga ra'ayin masu kallo, wanda shi ne gundarin tambayarki.

In kika tambayi mutanenmu a fili, amsa ɗaya za ki ji. Cibiyar Afrobarometer ta yi tambaya a ƙasashen Afirka 33 a 2014 da 2015, ko mutum zai yarda ya yi maƙwabtaka da mai neman jinsinsa. A jimlar ƙasashen kashi 21 cikin ɗari suka ce ba damuwa. A Nijar kashi 5 ne kacal. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san ƙasar. Hukuncin luwaɗi da maɗigo a wurin malamanmu sananne ne, limaman coci a nan su ma haka suke wa'azi, kuma ba wurina za ki nemi fatawa ba. Abin da ke cikin sanina shi ne, ra'ayin da ake faɗi a taro da halin da ake yi da waya a ɗaki abu biyu ne. Wata masaniya Bajamushiya, Elisabeth Noelle-Neumann, ta bayyana tun 1974 yadda mutum ke yin shiru in ya ga ra'ayinsa ba shi ne na jama'a ba, shirun nasa kuma ya ƙara wa ɗaya ɓangaren ƙarfi. Shi ya sa in kika karanta abin da ake rubutawa a Facebook a ƙarƙashin irin wannan magana, za ki rantse ba mai kallo a ƙasar nan sai masu tsinuwa. Wanda ya kalla har ƙarshe ba ya rubuta komai da sunansa.

Cikin masu kallon da nake ji daga bakinsu, da yawa suna kashewa da zarar sun gane inda labarin ya dosa. Suna jin an yaudare su, su goge, su gargaɗi ƙawayensu. Waɗannan suna da yawa, kuma da gaske suke. Sai waɗanda na fi haɗuwa da su cikin ƴan mata, masu cewa, "Al'adarsu ce, ni labarin nake bi." Yarinya ce mai salla, mai hijabi, in an zo wurin sumba sai ta ce astagfirullah ta ja bidiyon gaba, ta ci gaba da kallo. In kika tambaye ta ko ta yarda a yi haka a gidansu, za ta zaro ido ta ce Allah ya kiyaye, kuma ba ƙarya take ba. Ta ajiye fim ɗin a wani ɗaki na zuciyarta, addininta a wani. Ina kyautata zaton ƴarki a nan take.

Akwai kuma waɗanda ke kallo ba su ma san abin da suke kallo ba. Ƙasar Sin ta hana nuna irin wannan soyayya a fili: a farkon 2016 hukuma ta sa aka sauke wani fim mai suna Addicted daga intanet tun bai ƙare ba. Sai masu shirya fim suka koma ɗaukar littattafan BL suna cire soyayyar, su bar amintaka. The Untamed na 2019, mai kashi 50, haka aka yi shi, har dai daga 2021 hukuma ta rufe wannan ƙofar ma. Na taɓa zama kusa da wata fada a Tawa, ana dafa shayi, samari sun kewaye waya ɗaya suna kallon irin wannan fim na takuba da dogayen riguna. Wani jarumi ya tsaya gaban duniya ya kare abokinsa da kowa ya juya wa baya. Ɗaya daga cikinsu ya buga cinya ya ce, "Wallahi wannan shi ne aboki!" Suka yi ta yaba amana. A garin da samari biyu ke tafiya riƙe da hannun juna daga masallaci zuwa kasuwa ba wanda ya waiwaya, abin da suka gani ke nan, kuma ba zan ce sun yi kuskure ba, domin abin da aka nuna musu ke nan. Yarinya a Shanghai da ta karanta littafin tana ganin wani abu daban a hoto ɗaya. Mai kallo yana zuwa da nasa idon.

Wani abin da zai ba ki mamaki: cikin masu sukar waɗannan finafinai da zafi akwai su kansu masu neman jinsinsu. Tun 1992 aka fara wannan gardama a Japan, suna cewa mata sun mayar da su abin wasa, labaran ba su yi kama da rayuwarsu ba, ba korar gida, ba tsoro, sai kyawawan fuskoki da ƙarshe mai daɗi. Wasu masu kallo mata kuma suna sukar wani abu da ni ma nake suka: a da yawa daga cikin labaran, musamman na farko-farko, ɗaya yana tilasta wa ɗaya, ko ya yi amfani da shi yana cikin maye, daga baya a ce ai so ne. Zan dawo kan wannan.

Sannan akwai ƴan kaɗan da ke kallo don abin ya taɓa su, kuma ba za su taɓa faɗa wa kowa ba. Suna nan a kowace ƙasa, har da tamu. Ƴaƴan mutane ne, wasunsu cikin firgici suke kwana. Duk abin da mutum ya riƙa a matsayin hukunci, ba shi da izinin ya mayar da su abin farauta.

Ki lura da wani abu game da mu. Shekara da shekaru muna dariya in an fito da ɗan daudu a fim ɗin Hausa, yana karairaya yana tafa hannu, yara da manya a tsakar gida ana ta ƙyalƙyala. Ba wanda ya ce a fasa tele. Abin da ke tayar wa mai kallonmu hankali ba ganin mutumin ba ne, a'a, a nemi ya tausaya masa ne, ya so ƙarshensa ya yi kyau. Ba mu kaɗai ba ne a haka. Brazil, wadda nobelolinta, wato finafinanta masu dogon zango, suka daɗe suna shigo mana da fassarar Faransanci, ta sha wannan gwagwarmaya. A 2005 tashar Globo ta ɗauki hoton sumba tsakanin maza biyu don kashin ƙarshe na wata nobela, ta cire kafin a nuna. A Janairun 2014 ta nuna irinta a ƙarshen Amor à Vida, jama'a da yawa suka yi murna, saboda an ɗauki watanni ana bin ɗaya daga cikin mazan biyu, daga mugu har ya tuba ya koma jinyar mahaifinsa. Shekara ɗaya bayan haka, a 2015, Babilônia ta nuna sumbar tsofaffin mata biyu tun kashin farko, ƴan majalisa masu ra'ayin coci suka kira a ƙaurace, masu kallo suka ragu. Ƙasa ɗaya, tasha ɗaya, tazarar shekara ɗaya. Bambancin shi ne, a Amor à Vida an bar mai kallo ya saba da mutumin kafin a nemi yardarsa. Masu rubuta labari sun san wannan sarai, kuma da shi suke aiki.

Wannan ya kawo mu kan tambayarki ta ƙarshe, ko zai lalata ta. Kalmar nan tana ɗauke da abu biyu a zuciyarki, bari in raba su.

In kina nufin kallon zai sa ta fara sha'awar mata ƴan'uwanta, babu binciken da ya nuna fim yana juya wa mutum jinsin da yake sha'awa. Miliyoyin mata sun shekara da shekaru suna karanta waɗannan labarai a Japan, suka yi aure suka haihu. Ki kwantar da hankalinki ta wannan fuskar.

In kuwa kina nufin zai canza yadda take kallon al'amarin, wannan yana yiwuwa, kuma ba zan ɓoye miki ba. A 2005 Edward Schiappa da abokan aikinsa a jami'ar Minnesota ta Amurka sun nuna cewa wanda ya saba da ganin wani rukunin mutane a talabijin, ya ji kamar ya san su, ƙyamarsa gare su tana raguwa, musamman in bai taɓa sanin irinsu a zahiri ba. Wasu na ganin wannan alheri ne, wasu na ganin nan haɗarin yake. Ke kika san tarbiyyar da kike son ba ta, kuma haƙƙinki ne. Abin da zan ƙara shi ne, raguwar ƙyama ba ita ce sauya aƙida ba. Na san ƴan mata da yawa da ke riƙe da abin da aka koya musu a islamiyya daram, amma ba za su yarda a jefi kowa ko a tona masa asiri ba. Ni ban ɗauki wannan lalacewa ba.

Gwamnatoci sun gwada nasu. A Satumban 2022 ƙasashen Larabawa na yankin Gulf sun gargaɗi Netflix kan shirye-shiryen da suka ce sun saɓa wa Musulunci. A Agustan 2023 hukumar sadarwar Burkina Faso ta hana tashoshin da ta ce suna tallata luwaɗi, a Satumban shekarar Kamaru ta dakatar da tashar Canal+ Elles na wani lokaci. Duk wannan yana aiki a kan dikoda da eriya. Ƴarki ba a tele ta kalla ba. Wanda ya dogara da hukuma a wannan zamani kamar mai garƙame ƙofar gida ne alhali katangar baya a rushe take. Hani ma wani lokaci talla yake zama: a 2018 Kenya ta hana fim ɗin Rafiki, labarin soyayyar ƴan mata biyu, da kotu ta ɗage hanin na kwana bakwai sai gidajen sinima a Nairobi suka cika.

Ga abin da ni nake jin tsoro, kuma da shi nake son ki fi damuwa. Na farko, ba duka finafinan ke tsayawa a lema da kallon ido ba. Wasu, musamman na ƴan shekarun nan, suna fitowa iri biyu, wanda aka tace don tele da wanda ba a tace ba, kuma na biyun batsa ce tsagwaronta, wadda ba ta dace da mai shekara 17 ba ko da tsakanin namiji da mace ne. Wanda ba a tace ba ɗin a rukunonin Telegram ake rabawa, inda yarinya ke cuɗanya da manyan da ba ta san su ba, masu iya bin ta ta saƙon sirri, su nemi hotonta, su dawo suna yi mata barazana da shi. Wannan haɗarin ya fi labarin fim ɗin kusa da ita nesa ba kusa ba. Sannan ga darasin nan na tilas da na ambata: yarinyar da ta saba ganin an danne mutum an ce so ne, an bi shi da kishi da tsaro an ce kulawa ce, ita ce gobe saurayi zai ƙwace mata waya ya mare ta, ta ce ai don yana sonta ne. Kuma kada ki ɗauka daga waje kaɗai ɓarnar ke zuwa. Cikin littattafan Hausa da ake sayarwa ta WhatsApp akwai waɗanda suka fi wannan fim rashin kunya sau goma, da harshenmu, da sunaye irin namu, iyaye kuma suna ganin yarinya na karatu su ce madalla. Sai barci da karatu: kashi ɗaya yana ƙarewa daidai inda ba za ka iya tsayawa ba, da gangan aka gina shi haka. Mai shirin jarrabawar bak da ke kaiwa ƙarfe biyu na dare tana kallo, tana zuba jika bayan jika a data, ta riga ta yi asara ko da wa'azi take kallo.

Kada ki fasa wayar. Za ta kalla a ta ƙawarta, ke kuma kin rasa hanyar sanin abin da take ciki. Ki zaɓi lokacin da ba kowa, ba da dare cikin fushi ba, wataƙila kuna tsinke zogale ko kina yi mata kitso, ki ce ta ba ki labarin fim ɗin tun daga farko. Ki bar ta ta yi magana. Ki tambaye ta wa ta fi so a ciki, kuma don me. Amsar za ta gaya miki abin da take nema: ladabi ne, ko a saurare ta, ko dai kawai kada a bar ta a baya in ƙawaye na hira a lakwal. Daga nan ki faɗa mata matsayinki da na addininki a fili, ba zagi, ba kwana-kwana, ki kuma gaya mata dalilin da ya sa ba ki yarda ta ci gaba ba. Mai shekara 17 tana gane hujja, kuma tana gane lokacin da babba ke jin tsoro kawai. Ki tambaye ta ko tana cikin wani rukuni da ake tura finafinai, ku duba tare, ta fita daga waɗanda ba ta san mutanen ciki ba. Ki sa dokar da za ki iya tsarewa: waya tana kwana a ɗakinki, kowa da kowa, har da yayyenta maza, don in ita kaɗai aka ware ta san hukunci ne ba tsari ba. YouTube yana da wurin taƙaita abin da yake nunawa, wayoyin Android suna da Family Link, manhajar da iyaye ke sa ido da ita a kan wayar yaro, dikodar Canal+ tana da lambar sirri ta iyaye, alamomin nan na -12 da -16 da -18 da ke fitowa a gefen hoto kuma ba ado ba ne. Amma duk waɗannan taimako ne kawai, yaran sun fi mu sanin wayar. Ki kuma nema mata abin da zai maye gurbin, domin in kin cire ba ki sa ba, ita za ta sa. Finafinan Koriya da na Turkiyya da na Hausa masu tsabta suna nan da yawa. Ku zaɓa tare, wani lokaci ki zauna ku kalla.

Abu ɗaya zan roƙe ki da girman Allah. Maganar nan ta riga ta je kunnen ƙawayenki, kada ta wuce nan. Ki koma ki ce musu kin bincika, ba komai, an wuce wurin. Kin san Yamai: yau "an kama ta tana kallon fim", jibi a gidan biki ya zama "ai ƴar maɗigo ce". Kalmar nan in ta manne wa yarinya tana iya hana ta aure, ta raba ta da makaranta, ta jawo mata duka daga waɗanda ba su san komai ba. Suratul Hujurat ta hana mu yawan zato da bin diddigi da cin naman juna, Suratun Nur kuma ta sa bulala tamanin a kan mai yi wa kamilar mace ƙazafi ba shaidu huɗu. Hausawa ma sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Masu cewa a kai ta wurin malam a yi mata ruƙiyya, ki tambaye su wace cuta aka gani. In kina son malami ya yi mata nasiha, ki nemi malamar islamiyya mai riƙon sirri, wadda yarinyar ke jin daɗin magana da ita, ba taron dangi ba.

Mahaifinta kuwa, tunda amana ya ba ki, ba na cewa ki ɓoye masa har abada. Amma ke kika san ƙaninki. In mai saurin hannu ne, ki fara gama naki zaman da ita, ki ga yadda ta karɓa, sannan ki gaya masa a matsayin maganar waya da tsarin kwana da kika riga kika shawo kanta. In kuma a cikin hirar ta faɗa miki wani abu da ya fi fim nauyi, ko wani na damunta ta waya, ko wani abu na damunta a ranta, ki riƙe fuskarki, ki bar ta ta kai ƙarshe, kada ki yanke komai a daren.